Ranar da Manaja Ya Je Gonar Babana

Shekarar da na gama jami'a a Zariya, wani babban kamfanin auduga mai ofis da injin gurza a Funtua ya ba da sanarwar yana neman ɗan ƙasa mai digiri. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kamfanonin Turawa duk sun shiga neman 'yan ƙasa da za su ɗora a kan kujerun da a da sai Bature. Aikin shi ne mataimakin manaja mai kula da fuloti, wato wuraren da ake sayen auduga daga hannun manoma, tun daga Funtua har Malumfashi. Ga gida, ga mota. Ni da na tashi a ƙauyen Maguzawa bayan Ƙarfi, wanda bai san takalmi ba sai da ya shiga sakandare, sai na ji kamar don ni aka ƙirƙiro aikin nan. Na sa shi a raina fiye da yadda ya kamata mutum ya sa abu a rai.

Muna da yawa ranar farko. Aka zaunar da mu a wani sito mai warin angurya muka rubuta jarrabawa, aka zubar da fiye da rabi. Sannan aka yi mana intabiyu, Turawa a jere bayan dogon tebur, kai kaɗai a kan wata 'yar kujera kamar mai laifi. Sannan aka kira waɗanda suka rage gidan manaja cin abincin rana, don a ga yadda muke riƙe wuƙa da cokali mai yatsu. Har yau ban ga abin da ya haɗa cokali mai yatsu da sayen auduga ba, amma na riƙe shi, na kuma ci wani nama mai jini a ciki ina murmushi kamar daɗi nake ji. Da aka gama tankaɗe da rairaya sai muka rage mu biyu, ni da wani ɗan Funtua, ɗan wani Alhaji mai fataucin goro. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗi a kansa.

Manajan dogo ne, kullum da lofe a baki, yana jin Hausa irin ta littafi, yana kuma alfahari da cewa ya san mutanen ƙasar nan ciki da waje. Ya kira mu ya ce a takarda ni ne gaba, amma saura mataki ɗaya. Wai a ƙasarsu shaida ake nema daga malaman mutum, amma a nan ya gano babu shaidar da ta kai ta uba. Wanda zai tsaya kan sikeli tsakanin kamfani da manoma, dole a ji abin da gidansu ke cewa a kansa. Don haka zai kai mu gida da kansa, ba tare da sanarwa ba, ya tambayi iyayenmu. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ai an zo wurin.

Muka fara da gidan Alhaji. Nan da nan aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo fura da goro. Manaja bai gama tambaya ba Alhaji ya karɓe, ya yi ta zuba yabo, yaron nan ga gaskiya, ga ladabi, tun yana ƙarami shi ke riƙe masa shago. Har da dafa masa kai. Ina gefe ina gyaɗa kai, ban kawo komai a raina ba. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, yaron nan auta ne a gidansu. Ni kuwa ɗan fari ne.

A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma abin girmamawa ce, wanda ya fi kiyaye ta shi ne ya fi mutunci. Ni ana yaye ni aka miƙa ni gidan ƙanen babana, wanda nake kira Baffa, shi ya rene ni, shi ya kai ni makarantar mishan. In na shigo wuri babana na zaune, sai ya tuna akwai akuyar da bai ɗaure ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce yaron can. Ban taɓa shakkar yana sona ba. Masarar farko da za a karya a gonarsa gidan Baffa take zuwa, da saƙon a ba yaron can. Abin ya zame mini kamar iskar da nake shaƙa, ban taɓa tsayawa na ga abu ne da baƙo zai gani ya yi masa wata fassara ba.

Damina ce, hanya duk taɓo. Manaja ne ke tuƙa jif ɗin da kansa, ina gaba kusa da shi cikin kwat ɗin da na aro. Muka isa ƙauyenmu da hantsi. Aka ce Baffa ya tafi kasuwa Malumfashi, babana kuma yana gona ana yi masa gayyar huɗa. A nan ne na fara hango abin da zai faru, amma kafin in ce wani abu manaja ya riga ya nufi gonar, yara na bin sa.

Muka tarar da maza a jere da garemani cikin dawa. Kowa ya miƙe. Na durƙusa a bakin kunyar dawa na yi gaisuwa, dattawa suka amsa, babana ya juya yana duba bakin garmarsa. Na nuna wa manaja shi. Ya cire lofe, ya yi gaisuwa mai kyau, ya tambayi ruwa da amfanin gona, sannan ya nuna ni.

"Maigida, wannan ɗanka ne?"

Babana ya dubi dawa. "Yaron gidan ƙanena ne, ranka ya daɗe."

"Amma ya ce mini kai ka haife shi."

"Haka mutane ke faɗi."

Manaja ya waiwayo ya dube ni. Ya sake gwadawa, ya yi bayanin aikin dalla-dalla, ya ce yana so ya san halina. Ya tambaya, in aka ɗora ni a kan sikeli a fuloti, shi babana zai yarda in auna masa audugarsa?

"Ni ban san abin da ya iya ba," in ji babana. "Ko garma bai iya riƙewa ba. A tambayi wani."

Ya sunkuya ya ci gaba da huɗa.

Na yi mutuwar tsaye, ko in ce mutuwar durƙushe, don har lokacin gwiwata na cikin taɓo. Abin da ya fi girgiza ni shi ne dattawan da ke wurin. Gyaɗa kai suke yi, suna kallon babana da sha'awa, don a ganinsu ya yi abin da ya dace, ya kuma yi shi da kyau a gaban Bature. Ni kuwa ba dama in buɗe baki in gyara maganar ubana yana tsaye. Ina ji ina gani aikin nan ya zame daga hannuna, a gonar da aka binne cibiyata.

A mota na yi ta bayani har muryata ta dushe. Na ce al'ada ce, na ce ɗan fari ne ni, na ce ya tsaya ya tambayi kowane tsoho a bakin hanya. Ya saurare ni da haƙuri, wannan kam ba zan hana shi ba. Sannan ya ce ya daɗe a ƙasar nan, ya san kunya sarai, ya karanta a kanta. Amma kunya tana sa mutum ya yi shiru ne, ba ta sa uba ya ce a gaban jama'a ba zai ba ɗansa amanar sikeli ba. Na ce ai bai ce haka ba. Ya ce bai ce akasin haka ba. Washegari aka kira ni ofis aka gaya mini an ba ɗan Alhaji.

Bayan 'yan kwanaki na koma ƙauye da niyyar in shige ɗaki in rufe ƙofa. Tun daga nesa na ji kiɗa. Ashe tun ranar da muka tafi babana ya sa aka jiƙa dawar giya, ya kuma yanka jan bunsurunsa a gindin tsamiyar gidanmu, inda ake yi wa iskokin gida yanka. Biki ake yi. Wai Bature ya kawo yaron can a gaban mota, aiki ya samu. Baffa ya tare ni yana dariya, ya ce ai yayansa ya yi dabara, ya ƙi yabona a gaban 'yan gayya don kada baki ya kama ni, ya rufe ƙofar hassada ruf. Kowa na ta yaba wa babana.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Ni dama akwai zuciya, ranar kuwa ta tashi gaba ɗaya. Na gaya wa Baffa duk abin da ya faru, da ƙarfi, don na san babana na bayan danga yana ji. Na ce ya gaya wa yayansa bakin da yake tsoro bai kama ni ba, nasa ne ya kama ni. Na ce shekarun da na yi ina karatu da fitilar aci-bal-bal, da magana uku ya zubar da su. Kiɗa ya tsaya. Mata suka yi cirko-cirko da ƙore a hannu.

Da gari ya waye aka nemi babana aka rasa. Ƙanwata ta ce ta ga ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ɗauki sanda, ya kama hanyar Malumfashi tun da jijjifi. Mutumin da bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa. Ni da Baffa muka bi bayansa, a tasha aka ce mana lalle wani tsoho ya hau motar Funtua, yana ta tambaya ko ita ce ke zuwa gidan auduga.

Muka same shi zaune a ƙasa a bakin ƙofar kamfani, maigadi ya hana shi shiga. Da ya gan mu ya kau da kai. Baffa ya yi ta lallashinsa mu tafi, ko motsi bai yi ba. Can bayan azahar jif ɗin manaja ya fito. Babana ya miƙe ya tsaya a tsakiyar hanya. Motar ta ci birki, leburori masu ɗaukar buhu suka taru.

Ya nuna ni da sanda, bai dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, wancan ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na farina."

Sannan ya faɗi sunana.

Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, har wani lokaci ina yaro nakan yi tunanin ko ya manta shi. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗauko abu mai zafi. Baffa ya toshe baki da hannu ya juya baya. Babana gumi yake yi, kamar wanda aka tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ya ce yaron nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Ya ce ba audugarsa kaɗai ba, gonar ma in an ce ya ba ni ya ba ni. Ya ce duk ƙauyensu babu kamar ni, ya sani tun ina rarrafe. Ya yi ta faɗi, abin da ya tara tun haihuwata, a gaban leburori da maigadi da masu tallar gyaɗa.

Rasa aikin bai girgiza ni kamar wannan ba. Na so in ruga in rufe masa baki, na kuma so kada ya daina.

Manaja ya fito daga mota, ya cire hula. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce yanzu ya gane, ya ce ya yi kuskure, ya ba da haƙuri. Amma an riga an sanar da hedkwata, ɗan Alhaji ya kama aiki, babu yadda zai yi. Babana ya tambaya ko in ya sake faɗi a gaban manyan zai yi amfani. Manaja ya ce a'a.

Koyarwa na kama daga baya a Malumfashi, a nan na yi har na yi ritaya, ban kuma yi da-na-sani ba. Babana ya daɗe a duniya bayan haka, bai sake faɗin sunana ba, ko sau ɗaya.

Ranar dai a bayan akori-kura muka dawo, mu uku a kan buhunan gishiri. Ya zauna ya ba ni baya tun daga Funtua. Da muka sauka a tashar Malumfashi ya wuce wurin mai tsire, ya sayo, aka naɗe masa a takarda. Ya dawo ya miƙa wa Baffa, idonsa na kan hanya.

"Ba yaron can," in ji shi. "Bai ci komai ba tun safe."