Dubu Uku Tukuna

Mai Murfi ake ce mata, domin ta yi shekaru injinta ba ya fitar da komai sai murfin jarka da na bokiti, aikin wasu da tambarin wasu a jiki. Ma'aikatarta ɗaki ne dogo a bayan wani gareji: tsohon inji kore, buhunan ƙwayar roba jingine da bango, sai fanka mai kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. A hannun mahaifinta ta koyi aikin, kuma da hanci take gane wuta ta yi wa roba yawa.

Da tsufa ya kama Baba, hannunsa ya soma rawa. Shayi ya riƙa zubar masa a riga, har ya daina sha a gaban baƙi. Abin ya tsaya mata a rai. Ta zauna ta zana kofi mai mariƙi biyu da gindi mai faɗi, ta haɗa shi da kwali, ta ba Baba ya riƙe.

Kafin a buga kofi sai an yi mazubi, ƙarfen da inji ke matsa narkakkiyar roba a cikinsa. Ta tafi wajen maƙerin mazubi tare da ƙaninta, mai kai mata kaya shaguna. Maƙerin ya juya zanen sama da ƙasa.

"Guda nawa za ki buga, Hajiya?" ya tambaya. "Amsarki ce za ta zaɓa mini ƙarfe. Na alminiyo yana da sauƙin yi da sauƙin gyara, amma in ya ba ki 'yan dubbai zai fara gajiya. Na baƙin ƙarfe mai gida takwas kuwa, bugu ɗaya kofi takwas, ke za ki gaji ki bar shi."

Idon ƙanin ya kawo haske. "Na ƙarfen za mu yi, Yaya. In aka buga da yawa, kowane kofi zai faɗo da araha. Tsofaffi ai ba sa ƙarewa."

"Ba sa ƙarewa," ta ce. "Amma tsoho ɗaya na ga ya riƙe kofin nan, shi ma na kwali. A yi na alminiyo. Dubu uku tukuna."

A hanyar gida ƙanin ya cika ya yi fam. "Ke Yaya, ko ruwan randarki za ki sha, sai kin fara ɗanɗanawa da cokali." Ta yi dariya, ba ta musa ba.

Da kofunan suka fito, ba ta tura su shago ba. Ta zuba su a jaka ta bi asibitoci da gidajen da ta san akwai tsofaffi, ta zauna tana kallon yadda ake riƙewa. A wani gida wata tsohuwa mai kumburin gaɓoɓi ta zura yatsu a mariƙin, suka ƙi fita sai da aka kawo sabulu.

"'Yar nan," in ji tsohuwar, "kofi kika kawo mini ko tarko?"

Kunya ta rufe Mai Murfi. Yatsun Baba sirara ne, da su ta auna duniya. Daga nan ta wuce wajen maƙeri da mazubin, ya faɗaɗa mariƙin cikin 'yan kwanaki. Ragowar masu matsattsen mariƙi ta yi niyyar niƙewa ta sake narkarwa, sai ƙanin ya hana. Ya kai wa masu sayar da kayan jarirai, aka wawashe su, domin sun yi wa hannun yara daidai.

Taka-tsantsan ɗin nata bai tafi a banza ba, bai kuma zo kyauta ba. Kofin da aka gyara ya karɓu, buƙata ta fi ƙarfin mazubin, bakinsa ya fara barin zare a gefen kofi. Tana jiran a gama mata na baƙin ƙarfe, wani babban kamfani ya fito da irin kofin kala-kala, ya cika manyan kasuwanni.

"Na faɗa miki," in ji ƙanin.

"Ka faɗa. Rabin gaskiyar taka ce."

Duk da haka mazubi mai gida biyu kawai ta sa aka yi mata. Injinta ba zai iya danne takwas ba, sitonta ƙarami ne, kuma ba ta son tara kayan da za su zauna suna shan ƙura. Kasuwa ta tafi, asibitoci suka zauna mata, domin in ma'aikaciyar jinya ta kira da ƙorafi, da ƙafarta take zuwa ta gani.

Yanzu inji biyu ne a ɗakin, da mata uku masu yanke gefe da shirya kaya. Kofunan yaran, da aka yi wa nasu mazubin, ta sakar wa ƙanin gaba ɗaya, yana buga su ja da rawaya son ransa. Ya so a yi wa na tsofaffi launi su ma, ta ƙi. Ta ce mai raunin ido yana son ya ga inda abin sha ya tsaya, don haka farare take buga su.