Daso da Kaskon Tsuntsaye

Daso maginiyar tukwane ce a Magarya, a unguwar bayan kasuwa. Wajen kakarta ta koyi sana'ar can Bande, aure ya kawo ta gari. Miji ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suka tafi ɗakunansu, ya rage daga ita sai yumɓu. Randunanta sun yi suna, in an zuba ruwa da safe, kafin azahar sanyinsa har haƙori. Uku take jerawa kan yashi ƙarƙashin rumfar zana, jikinsu na tsattsafo, yashin ya jiƙe. In rana ta take, kurciyoyi da 'yan baiwar Allah sai su sauko su kwanta cikin damshin, baki buɗe, fukafukai a sake. Masu sayen tulu kan tsaya kallo. Daso kuwa, a ranta tsuntsayen nan nata ne.

A bazarar 1973, lokacin fari, rijiyar unguwa ta ja baya. Mace sai ta yini a bakinta kafin ta cika tulu. Daso ta koma randa guda, ita ma rabi. Yashi ya bushe.

Maƙwabciyarta Barakatu kuwa, mijinta Hambali direban kamyo ne, babbar motar kaya. Ya kawo mata tanon ƙarfe, wato duro, duk kwana biyu yana ciko shi da ruwa. Tanon na da 'yar huda a gindi, yana ɗiga. Kafin mako tsuntsayen sun koma can kaf. Daso na zaune tana cuɗa yumɓu, tana jin kukansu ta bayan danga. Abin da ya fi ci mata rai shi ne matan da ke zuwa sayayya, su ce, "Kin leƙa gidan Barakatu? Albarka ce ta sauka!"

Rannan ta yafa gyale ta shiga. Barakatu ta shimfiɗa mata tabarma tana murna.

"Inna Daso, dubi baƙina. Ko ƙwayar gero ban ba su ba."

"Na gani," in ji Daso. "Amma ke 'yar nan, mata na yini a rijiya, ke kina shayar da ƙasa? So kike a ce matar direba na wasa da ruwa?"

Kunya ta kama Barakatu. A ranar Hambali ya liƙe hudar da kwalta.

Daso ta koma gida ta tsiyaya ɗan ruwanta a yashi, ta zauna jira. Ƙasa ta shanye nan take, ko tsuntsu ɗaya bai sauko ba. Washegari ta tsinci 'yan baiwar Allah biyu a gindin danga sun sandare. Ta daɗe riƙe da su a tafin hannu, ba nauyin komai. Kwana biyu ba ta taɓa yumɓu ba.

A na uku ta zaɓi wani kasko mai faɗi marar zurfi, ta jera tsakuwa a ciki don ƙanana su sami wurin tsayawa, ta kai wa Barakatu.

"Sa shi a inuwa. Ragowar ruwan alwala ma ya isa."

"Inna, ki aje a gidanki mana, ni na riƙa miƙo miki ruwan."

"Ban roƙi ruwan kowa ba," Daso ta ce, ta juya.

Tsuntsaye suka dawo gidan Barakatu, har sun fi na da. Matan unguwa suka gani, kowacce tana son irin kaskon, har daga Dungas ake aikowa ranar kasuwa. Sai dai sunan da ya bi shi, kaskon Barakatu.

Daso ta ci gaba da gina shi har rasuwarta a 1979, kuma ba wanda ya kai ta iyawa. Amma duk wadda ta yi sallama ta ce a ba ta kaskon Barakatu, sai Daso ta ce ya ƙare, ga su kuwa jibge a bayanta.