Maginin da Ke Sauraron Bango

Kullum da safe, kafin ya taɓa siminti, sai ya zagaya gidan da aka kira shi aiki da 'yar guduma a hannu. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne, ya matsa gaba. Shi ya sa muke ce masa Baba Ƙwanƙwasa. Shekara arba'in yana gyaran tsofaffin gidaje, kuma maganarsa ɗaya ce: "Filasta riga ce, ni jikin nake so in gani."

Na shaida hakan ranar da yayata ta kai shi wani tsohon gida da za ta saya. An yi masa sabuwar filasta, ya sha fenti, sumul kamar ƙwai. Har ta zaɓa wa yaranta ɗaki. Baba ya bugi bangon ɗakin, sai ya amsa kamar ganga.

Mai gidan ya haɗe rai. "Malam, fenti ka zo ɓata min?"

"Bar ni in ɓare tafin hannu ɗaya," in ji Baba. "In lafiya lau ne, ni zan mayar da simintina."

Da ya ɓare, sai ga tsaga ta taso tun daga tushe har taga, an cusa mata takardar buhun siminti an shafe. Yayata ta zauna a dakali, ta ce ta fasa sayen gidan. Damina biyu bayan nan bangon ya kwanta, ba kowa a ciki.

Amma ba mai kashe gida ba ne. Lokacin da aka tsorata gwaggona cewa gidan da mijinta ya bar mata sai rusau, Baba ya wuni yana dubawa, sannan ya yi dariya.

"Hajiya, filastar ce ta tsufa. Gidan nan zai ga jikokin jikokinki."

Har yau tana ciki.

Bana ya ajiye aiki, wai kunne ya fara yi masa nauyi, ba zai yanke wa bango hukunci da zato ba. Waɗanda ya koya wa, yanzu su ma da furfurarsu, suna nan suna yi yadda ya yi.

Baba, kai ne ka gwammace a yi fushi da kai yau da a yi kuka gobe. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma magina, in mai gida ya ce a shafe a wuce, ku ce masa sai kun ga abin da ke ƙasa, ko da aikin zai kuɓuce. Akwai yaran da za su kwana a ɗakin.