Direban da Ya Hana a Murɗa Wuyan Magini

Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, Baba Sannu sai ya leƙa bayan motar ɗaukar marasa lafiya ya duba kayansa: katakon kwantar da mutum, abin tallafe wuya, da jakunkunan yashi biyu da matarsa ta ɗinka da tsohon wandonsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli.

Abokan aiki ne suka laƙa masa Sannu, don yakan kunna jiniya amma ya riƙa lallaɓa ramukan titi.

Bara, a wani gini bayan kasuwa, buhun siminti ya suɓuto daga hawa na biyu ya sauka a tsakar kan wani magini. Mutumin ya faɗi, ya miƙe da kansa, ya zauna a kan bulo yana tallabe da kai da hannu bibbiyu. Ko ɗigon jini babu. Kafin Baba ya iso, yayan maginin ya riga ya kira mai askin bakin titi, wanda ke murɗa wa mutane wuya bayan aski har ya ce ƙas.

"Baba, an wahalar da kai a banza," in ji yayan. "Ga shi nan garau. Wuya ne ya riƙe."

Mai aski yana naɗe hannun riga ya ce, "Na yi wa mutum ɗari."

"Ɗarin nan siminti ya faɗo musu a ka? Matsa." Baba ya durƙusa gaban maginin. "Ƙanena, me ya sa ka riƙe kanka?"

"Ji nake kamar zai faɗo."

"To kada ka gyaɗa shi, kada ka girgiza. Da baki za ka amsa mini."

Ya zagaya ya kama kan daga baya, ya sa lebura huɗu suka kwantar da shi a kan katako lokaci guda, kai da gangar jiki a miƙe. Ya sa masa abin wuya, ya tokare kunnuwan da jakunkunan yashi.

"Mutum da ƙafarsa a ɗauke shi kamar gawa?" in ji yayan.

"Ƙafar nake so a bar masa."

Tafiyar minti goma ta ci rabin awa, yayan yana mita har ƙofar asibiti. Da hoton wuyan ya fito, likita ta nuna wa yayan: ƙashin farko na wuya, zoben da kai ke zaune a kansa, ya tsage gida uku. Lakar da ke ratsa zoben ba ta taɓu ba. Ta ce murɗa ɗaya na iya tsayar da numfashi nan take. Yayan ya zauna a ƙasa.

Wata uku maginin ya yi da wuya a ɗaure. Yau yana kan gini, yana ci da 'ya'yansa huɗu.

Baba, kai ne ka tsaya kai kaɗai, kowa a wurin yana ganin ɓata lokaci kake yi. Kai ba likita ba ne, amma ka kai wa likita mutumin da za ta iya yi wa magani. Mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya.

Mu kuma, in abu mai nauyi ya faɗo wa mutum a ka, ko da ya tashi yana dariya, kada mu ja shi, kada mu murza masa wuya. Mu riƙe kan a inda yake, mu kira mota, mu jira.