Farantin Habibu

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare, Kawu Mamman ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu na Sabon Birni. Ƙanen Innarmu ne, mazaunin garin Isa, yana fatauci tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, gidanmu kuwa shi ne zangonsa in zai tafi ko in ya dawo. Ya same mu muna jidar damin gero daga amalanke zuwa bakin rumbu, ƙaiƙayi ya cika mana wuya, tumaki na bin mu suna tsintar abin da ya zuba. Ya kwance wani tsohon kwali daga bayan babur ya dire a zaure, ya ce, "Ga abin da za ya hana ku yawon banza." Muka yi watsi da gero muka rufe shi. A cikin kwalin akwai wani baƙin akwatin gem, irin wasan da ake jonawa a talabijin, wanda wani ya yi amfani da shi har gefensa ya koɗe, da wasu siraran hannaye na bugawa masu kama da gaɓar rake. A ƙarƙashinsu kuma akwai hannu guda mai faɗi, da gilashi irin na talabijin a tsakiyarsa. Inna ta leƙo daga cikin gida, da muciya a hannunta, ta ce, "Wanga faranti na ko madubi?" Tun daga ranar sunan ya bi shi, kowa faranti yake ce masa.

Ba zan iya ba da labarin farantin nan ba sai na faɗi wane ne Habibu. Ƙanena ne, shi ke bi na, kuma zabiya ne. Fatarsa ba ta shiri da rana ko kaɗan. In ya yini a waje sai wuyansa ya yi ja ya saɓule, Inna ta yi ta shafa masa man kaɗe tana faɗa. Idanunsa kullum rawa suke yi, abin da ke nesa kuwa ba ya ganinsa sai dishi-dishi, komai sai ya kai shi dab da hanci. Saboda haka rayuwarmu ta rabu tun muna ƙanana. Da damina ni nake bin Baba gonarmu ta hanyar Tsamaye, in yi noman firi, in kori tsuntsaye, in yanko wa tumaki ciyawa. Habibu yana gida yana tsince wake, ko yana ɓarar gyaɗa a inuwar darbejiya. In mun fita ƙwallon tsumma ko langa a filin bayan makaranta, shi yana gindin katanga da malfarsa, yana sauraron ihunmu. Sau ɗaya muka sa shi tsaron gida, ƙwallo ta same shi a fuska bai ma san ta taso ba. A aji, malam ya kan zaunar da shi a layin gaba, amma duk da haka sai ya tashi ya je ya kusan manna fuska da allo kafin ya karanta, yara na dariya suna ce masa Anasara. Na sha dambe a kan wannan suna. Ni mai saurin hannu ne tun ina yaro, ban kuma ce na daina ba.

Baba yana da wata ƙaramar talabijin a zaure, da batir da faifan sola a kan rufi, yana kallon wa'azi da labarai. Da ƙyar Kawu ya roƙa mana a riƙa ba mu aronta tsakanin la'asar da magariba, da sharaɗin sai an shayar da dabbobi an cika randunan Inna. Ranar farko kowa rububin siraran hannayen yake yi, don su ne ake kallon talabijin da su. Ni na samu ɗaya, Lauwali ɗan maƙwabtanmu ya samu ɗaya, Sanusi abokin karatuna ya fizge na uku. Farantin ya rage a kan tabarma, ana ganin nauyi gare shi kuma gilashinsa ƙarami ne. Habibu ya lallaɓa ya ɗauka, ya kai shi hancinsa kamar yadda yake yi wa komai. Sai na ji ya ce a hankali, "Yaya, ina gani." Na ce masa to, ban ma waiwaya ba. Ya sake cewa, "Wallahi ina gani duka!" A nan na juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, bakinsa a buɗe, hasken gilashin ya haske masa gashin ido.

A cikin wasannin akwai wani na ɓuya, shi ne ya zama namu. Mai riƙe da faranti shi ke gudu ya ɓoye a cikin wani lambu mai lunguna, sauran mu bi shi. Abin da ya sa wasan ya yi daɗi shi ne ba abu ɗaya muke gani ba. Mu masu kallon talabijin gabanmu kawai muke gani, shi kuwa a gilashin hannunsa yana ganin lambun gaba ɗaya daga sama, yana ganin inda kowannenmu ya nufa. Sai ga Habibu, wanda ba ya hango tinkiya a ƙofar gida, ya zama shi ne ya fi kowa gani a zauren nan. Ya kan koma can kusurwa ya juya mana baya don kada mu leƙa, ya dunƙule a kan farantin, kafaɗunsa na rawa don dariya. Mu kuwa muna ta kururuwa, Lauwali na cewa ya bi ta hagu, Sanusi na rantsuwa ya gan shi ta dama. In lokaci ya ƙare ba mu kama shi ba, sai ya miƙe ya ce, "Ku ukku da idanu shidda, kun kasa kama makaho!" Shi kaɗai ke da izinin faɗin wannan kalma, kuma a wasan nan kaɗai yake faɗinta da dariya.

Ba a daɗe ba labari ya kai makaranta. Yaran da ke ce masa Anasara suka fara zuwa ƙofar gida suna sallama, suna tambaya ko Habibu na nan. A da in yaro ya yi sallama a gidanmu ni yake nema. Inna ta lura da haka kafin kowa. Wata rana na ji tana gaya wa Baba, tana tankaɗe, cewa yaron nan har tuwo ya fara cinyewa. Wani lokaci Baba ya kan karɓe talabijin ɗinsa in wa'azi ya zo, mu watse, amma farantin ya kan ci gaba da aiki shi kaɗai muddin ba a yi nisa da akwatin ba. Habibu ya gano iyakarsa, wato turmin Inna da ke bayan katangar zaure. In ya wuce turmin hoto ya ɗauke, saboda haka a nan yake zama, Inna na daka a gefensa, yana ba ta labarin abin da yake yi, tana amsawa da "to" ba tare da ta fahimci komai ba. Haka muka ci kaka biyu ko uku, ban riƙe daidai ba.

Zafin bazara ne ya kashe farantin. Batirinsa ya kumbura har bayansa ya buɗe, ya koma sai an jona shi da waya yake kamawa, daga baya gilashin ya yi fari fat ya ƙi nuna komai. Akwatin kuma ba ya tashi yadda ya kamata in babu shi. Kawu Mamman ya tafi da shi Maraɗi, masu gyara suka juya shi suka ce ba su da kayansa. Ya ba wani direba ya kai Sakkwato, can ma aka ce masu yin sa sun daina, kowa ya koma sabon samfuri. Habibu bai yi kuka ba. Duk ranar da ya ji ƙarar babur ɗin Kawu, ya kan riga kowa fita, ya tsaya a rana ba malfa, yana jiran a ce masa an dace.

Kawu mutum ne mai son faranta wa yara, kuma abin ya dame shi. Bayan wata Sallah babba ya zo da wani kwalin, ya ce wannan ya fi wancan nesa ba kusa ba, sabon yayi ne. Gaskiya ya faɗa. Hotonsa ya fi kyau, motsinsa ya fi sauri, har wasan ƙwallo gare shi. Shi ma yana da gilashi a jikinsa, ana zaro shi daga mazauninsa a riƙe a hannu. Da Habibu ya ji haka sai ya matso da sauri ya karɓa, ya kai hanci, ya ce yana gani. Amma yana zaro shi talabijin ta yi baƙi. Muka ce ya mayar, ya mayar, hoto ya dawo a talabijin, nasa gilashin ya shige cikin mazauni ya mutu. Muka yi ta gwadawa, Sanusi ya danna duk abin da ake dannawa, ba ta sauya ba. Ko dai hoton ya kasance a hannu, ko a talabijin, ba ya zama a wuri biyu. Habibu ya fi mu saurin gane abin da hakan ke nufi. Ya ce, "Wato ko ni ɗai, ko ku ban da ni."

Mun yi ƙoƙari, ba zan ce ba mu yi ba. Muka ba shi hannu ɗaya ya zauna dab da talabijin, amma sai ya kusan manna fuska da ita, kansa ya tare rabin hoton. Lauwali ya yi haƙuri na kwana biyu, a na uku ya ce, "Kai Anasara, kauce muna mu gani." Na tashi na shaƙe shi, muka yi ta birgima har muka ture batirin Baba, aka hana mu zauren mako guda. Da aka sake buɗe mana, muka yanke cewa kowa zai riƙa karɓa bi da bi, Habibu ya yi nasa a hannu. Ya kan riƙe shi a kusurwarsa, mu uku muna zaune shiru muna kallon baƙar talabijin, muna jiran ya gama. Babu ihu, babu wanda ke bin wani. Yaro ne mai kunya, ya san jiransa ake yi, sai ya riƙa gajarta rabonsa yana miƙo mana. Wata la'asar na kira shi ya zo an kai kansa, ya amsa daga gindin darbejiya cewa shi ya girmi wasan yara. Yana ɓarar gyaɗa a lokacin, bai ɗago ba. Sallamar da ake yi masa a ƙofar gida ta ragu, har ta ɗauke. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Inna ba ta san kan gem ba, amma da Kawu ya tambaye ta ko yara na jin daɗin sabon, sai ta ce masa, "Da tsohuwar zuma aka magani, Mamman."

Shekaru sun wuce. Rashin kwanciyar hankalin da ya sami ƙasarmu ya hana mu noman gonar hanyar Tsamaye, ya kuma warwatsa yaran zauren nan. Iyayen Lauwali sun tsallaka Nijar da shi, Sanusi ya tafi kudu neman abinci, ni ina Sakkwato ina karatu. Habibu yana Isa, yana tsare wa Kawu shago, a inuwa, ya san wurin kowane kaya ba sai ya duba ba. Abokan ɗakina suna da gem na zamani, hotonsa kamar ka taɓa mutum, kowa ya zuba ido a gilashi ɗaya, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke gani. Su kan yi mini dariya in na ce akwai wani tsohon da ya fi shi. Ban cika yi musu bayani ba, don in na fara sai raina ya ɓaci.

Kwanakin baya ina ratsa layin masu kayan gwanjo a kasuwa, sai na hango irin farantinmu a cikin tarkacen rediyo da caja, da akwatinsa da komai. Mai kayan ya jona mini, gilashin ya kama tar. Nan take na kira Habibu a waya, na ce masa na samo faranti, mai rai, za ni kawo masa ranar da na samu hutu. Ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ya tambaye ni ko wasan lambun na ciki. Na ce yana ciki. Ina jin hayaniyar masu saye a bayansa. Can ya ce, "Bar shi, Yaya. In na ɓoye yanzu, wa za ya biɗe ni?"

Na mayar wa mai kayan abinsa na yi masa godiya. A da muna da tsohon gem da cikakken zaure, yanzu ga gem ko'ina, zauren ne babu kowa.