Hamsatu da Sittin da Ukun Malam Zarami

A duk Gashua babu wanda ya taɓa jin Hamsatu ta ce wa babba a'a. Ko miya aka zuba mata gishiri ya yi yawa, sai ta shanye ta ce an gode. Ga ta kuma Allah ya haɗa ta da sana'ar da gaba ɗayanta cewa a'a ne: duba aikin masu rubuta manhaja kafin a karɓa.

Malam Zarami na Nguru ne ya koya mata kwamfuta, a shagonsa na buga takardu, lokacin tana danna madannai da yatsa ɗaya kamar mai tsoron ƙuna. Daga baya ta fi shi nisa, ta shiga wata ƙungiyar sa kai mai kula da manhajar da ke mai da fayil guda tamkar faifan ajiya. Shekara uku tana gyare-gyare kafin su ba ta ikon sa hannu. Duk abin da ta amince da shi, sunanta ne a ƙasa, in ya lalace ita za a nema.

Aikin farko da aka turo mata, sai ta ga sunan Malam, ashe shi ma yana aika wa ƙungiyar gyare-gyare.

Minti goma ta gano matsalar. Faifan yana ɗaukar bayanai ne gida takwas-takwas, don haka duk yankin da za a yanka dole ya fara daga lambar da takwas ke rabawa. Malam kuwa ya fara daga sittin da uku, yadda aka saba a zamaninsa. Kowane rubutu zai hau wuri biyu ke nan, injin ya yi ta nishi a banza.

Ta zauna rubuta sharhi. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi ciwon gwiwa da zafin Nguru, ta aika. Batun kuskuren kuwa ko kalma ɗaya babu. Shugaban ƙungiyar, can wata ƙasa, ya tambaya cikin ladabi ko wannan amincewa ce ko ƙi, domin Juma'a za a rufe karɓar aiki.

Ranar Laraba ta sayi bandar kifi ta shiga motar Nguru. Direba ya cusa su huɗu a kujerar mutum uku, ta yi tafiyar rabi a wurinta rabi a cinyar wata mata, kowane rami su biyu ke yin ƙara.

Malam ya yi murna, ya sa aka kawo fura, ya ba ta labarin jikoki har la'asar. Ita kuwa sai shan furarta take yi. Sai da ya tashi raka ta ya ce, “Kin ga aikina kuwa? Yaya?”

“Malam, ya yi kyau sosai,” in ji ta. “Sai dai ya yi irin zaman da na yi a mota.”

Ta kwatanta masa. Ya tsaya cak, ya ƙirga da yatsu, takwas bakwai hamsin da shida, takwas takwas sittin da huɗu. Fuskarsa ta ɗaure.

“To don wannan kika baro Gashua da kifi?”

“Na ce ko Malam zai gyara a ɓoye, ba sai an sani ba.”

“In gyara a ɓoye, a ce ni na gani? Ashe ban koya miki komai ba. Zauna ki rubuta.”

A kan tsohuwar kwamfutar da ta koyi aiki ta rubuta sharhin ƙin karɓar aikinsa, yana tsaye a kanta yana goge gaisuwa. Ta roƙa da ƙyar ya bar mata layi ɗaya na tambayar gwiwa.

Har yau sharhin, da ya buga a takarda, yana manne a bangon shagon, a saman injin buga takardu. Duk wanda ya zo ɗaukar hoton katin shaida sai Malam ya tsare shi ya nuna masa, ko ya gane ko bai gane ba.

“Ka ga nan? Nan ta ce ban iya ba. Ɗalibata ce.”