Koren fenti a kan eton Baba

Shekarar da na fara aiki a biro, wato ofis, jim kaɗan bayan Faransawa sun miƙa mulki, komai na gidanmu na unguwar Bukoki ya dame ni. Na kasa zama wuri guda. Na sa an shafe katanga da farar ƙasa, na sauya ƙofa, har kaji na kora bayan gida. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne rumfar Baba, inda yake yanka ƙarfe yana yi wa masu lambu na Gamkalle hannun bokiti da butar ban ruwa. A tsakiyarta akwai eto, ƙarfen nan mai baki biyu da ake matse aiki a ciki. Tun daga Damagaram ya taho da shi. Tsatsa ta cinye shi, jikinsa duk tsaga-tsaga kamar tsagar gado a fuskar Ba'are. Kunya nake ji abokan aikina su gan shi.

Da Baba ya tafi gaisuwar mutuwa ta kwana uku, ban ko yi shawara da kowa ba. Na kwance eton, na ɗora a amalanke. Wani makanike ya gaya mini in an gasa fenti ba ya ɓarewa, don haka na goge tsagogin da magagari, na lafta kore har sau uku, na roƙi mai burodin unguwarmu ya sa mini shi a tanderu bayan ya kwashe burodi. Ya yi ta mita, ya sa. Ya fito sumul yana ƙyalli, na mayar da shi wurinsa na ɗaure. Ranar dawowar Baba sau biyar ina leƙa titi.

Washegari da hantsi wani mai lambu ya kawo aiki. Baba ya matse sandar ƙarfe, ya ɗauki zarto, ya kai babban yatsansa gefen eton. Ya shafa. Ya sake shafawa, sama da ƙasa. Sai ya ajiye zarton, ya ce wa mutumin ya dawo jibi.

"Ina tsagogina?" ya tambaye ni.

"Na share su, Baba. Ai ga metir ɗin awo na sayo maka, mai lamba."

"Ta farko hannun bokiti ce, ta biyu bakin buta," in ji shi, a hankali. "Shekara biyu ke nan da yatsa nake awo, ido ya gaza. Ko uwarka ba ta sani ba. In masu lambu suka ji, wa zai kawo mini aiki?"

Na tsaya riƙe da metir ɗin kamar wawa, ina jin haushin kaina.

Rana ta shigo rumfar tana dukan eton, korensa har kashe ido yake. Baba ya sunkuya dab da shi, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Wane launi ka shafa masa?"